Gonar da Ta Fara Fitar da Kai

Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta isa in goya shi. Na goya shi kuwa, har bayana ya san nauyinsa. Shi ya sa ko da ya girma ya yi gemu, ya yi mata da ƴaƴa, ban iya kiransa da wani suna ba sai Auta, shi kuma Yaya yake ce mini. Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Garhanga, gefe guda tudun duwatsu, gefe guda kwarin da ruwa ke gangarawa. Mazanmu da an gama kaka sai su ɗaure kaya su tafi biɗa, wato ci-rani, wasu Abijan, wasu arewa ta cikin hamada, a bar mu da tsofaffi da yara da awaki. Auta ya fara wannan tafiya tun gashin baki bai fito masa ba.

Shekarar da nake magana ya dawo daga arewa a rame, idanu sun zurma. Bai kawo abin kirki ba, bai kuma gaya wa kowa abin da ya gani a can ba. Ina zaune ina tsefe wa Innarmu kai ya zo ya durƙusa gabanta.

Ya ce, “Inna, na gaji. Bana in Allah ya ba ni hatsin da za shi kai gidana wata damana, na aje tahiya. Nan za ni zamna kusa gare ki.”

Inna ta tsufa a lokacin, idonta ya fara rauni, sai da ta laluba ta sami kansa ta dafa. Ni da ke kai mata abinci kuwa na ga bambanci, don daga ranar ta fara cinye tuwonta tas.

Gonar Auta tana bisa tudu. Asalinta fako ne da ko ƙaya ba ta so, mu mata muka raya wurin zamanin da ake aikin gyaran ƙasa na Keita, ina budurwa, muna ɗaukar dutse a ka muna jerawa don a tare ruwa. Shi ya gaje ta. Duk ranin nan ya kwashe yana haƙa ramukan tassa, ƴan ramukan shuka masu riƙe ruwa da taki, yana jigilar taki da jaki, har hannuwansa suka yi kanta. Da bazara ta yi nisa, gajimare ya fara haɗuwa, bai jira ruwa ba, sai ya yi binne, wato ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa ya rufe. Binne sa’a ce. In ruwan fari ya yi ƙarfi ka riga kowa, in kuma yayyafi ne ka yi asarar iri. Na yi masa tsiya na ce, “Kai Auta, wa ke korar ka? Ko hatsin ma biɗa za shi?” Ya yi dariya ya ce ai ni ban san zumuɗin mai son zama gida ba.

Ruwan fari kuwa ya zo da ƙarfinsa. Muna can muna neman iri da sungumi, nasa ya riga ya tsiro. Muna noman fari yana maimai. Ran da hatsina ya fara ciki, nasa ya fitar da kai, zangarniyoyi dogaye kamar hannun mutum. Masu wucewa kasuwar Ibohamane har tsayawa suke suna kallo. Ni kaina na yi ta fariya da shi a bakin rijiya, har wata ta ce ko ni na noma masa.

Abin da ke cin ran kowa a garin shi ne murzuna. Wanda bai san ta ba, tsutsa ce. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai launin ƙasa da ke zuba ƙwai a kan hatsi daidai lokacin da ya fitar da kai. Tsutsar ta shige ƙarƙashin bununi, tana yanke ƴaƴan tun ba su yi ido ba, tana zagaya zangarniya kamar an naɗa mata igiya. Daga nesa ka ga gona shar, ka zo ka kama kai ka girgiza, sai ƙaiƙayi ya zubo maka a hannu. Daminar da ta wuce ta yi mana ɓarnar da har yau ba na son tunawa.

Ana cikin wannan fargaba sai ga malamin gona daga Keita bisa moto, da wasu ƴan buhunan algarara a ɗaure a baya, kowanne bai wuce tafin hannu biyu ba. Ya ce tun tuni ya so zuwa, ruwa ne ya cinye hanya. Aka tara mu gindin gawon maigari. Ni aka tura gaba, don ni ke koya wa mata karatun manya, kuma kowa ya san bakina ba ya mutuwa.

Ya ɗaga wata ƴar kwalba ya ce mu duba. Na duba ban ga komai ba. Ya ce in ƙara dubawa. Can na hango wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari masu ruwan zuma suna yawo a jikin gilashi, ko ƙwayar hatsi ta fi su kauri.

Na ce, “Malam, waɗanga za su yaƙi murzuna? Ko atishawa na yi ai sun mutu!”

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Sannan ya yi mana bayani, kuma wallahi ya iya bayani. Ya ce dangin rina da zanzaro ne, sai dai su ba ruwansu da mutum. Ya ce irinsu suna da yawa ƙwarai, gida-gida ne, kowane gida da abin da yake farauta. Akwai masu zuba ƙwansu cikin ƙwan wani ƙwaro, akwai masu huda tsutsa su zuba a cikinta. Wannan da ya kawo, macen ce ke bin zangarniya har ta sami murzuna, ta harbe ta, jikinta ya mutu, ta zuba mata ƙwai a bisa fata. Ƴaƴan su ƙyanƙyashe su tsotse ta, su saƙa ƴan fararen gidaje a gefenta, su fito da fukafukai su nemi wata. Ya ce ba baƙi ba ne, a ƙasarmu suke tun fil azal, da rani a rumbunanmu suke laɓewa suna cin tsutsar da ke ɓata hatsin ajiya. Matsalarsu ɗaya, kafin su yi yawa a daji murzuna ta gama cin abin da za ta ci ta sauka ƙasa. Buhunan nan an zuba musu ɓarzajjen hatsi da tsutsar ajiya da matan ƙwarin kaɗan, a rataya a itace, ƴaƴansu su riƙa fitowa ta ƙofofin saƙar suna bazuwa.

Sai ya ɗaga yatsa. Ya ce sharaɗi ɗaya ne, kada wanda ya yi feshi. Maganin da zai taɓa murzuna ɗaya sai ya kashe waɗannan bila adadin, don ita tana ɓoye, su kuwa a fili suke yawo. Ya dube ni ya ce, “Hajiya, amana ce na bar miki.” Ni da ko birnin Tawa ban cika zuwa ba, balle Makka. Amma kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Muka bi gonaki muka rataye buhuna, muna kifa musu ɓarin ƙwarya don kada ruwan sama ya jiƙa su. Da muka zo tudu, malamin ya ga hatsin Auta ya riga kowa, ya ce a sa ɗaya a nan. Ni da hannuna na ɗaure shi a aduwar da ke tsakiyar gonar.

Ba a jima ba murzuna ta bayyana, kuma a gonar Auta ta fara, don a duk faɗin tudun nan shi kaɗai ke da kan hatsin da uwar za ta sauka a kai. Kullum da safe yana can yana buɗa zangarniya da ɗan yatsa. Kullum layin da tsutsa ta ci yana ƙara tsawo. Ya zo ya same ni ya ce, “Yaya, ƙwarin naku ban ga aikinsu ba.” Na ce ya yi haƙuri, ba a haihuwa a yi tafiya rana ɗaya.

Wata safiya ina dawowa daga rijiya da tulu a ka, na hango shi ya nufi tudu da famfon feshi a baya da bido, wato jarkar magani, a hannu. Aro ya yi, maganin kuma ya sayo a kasuwa. Na sauke tulun a tsakiyar hanya na sha gabansa.

Na ce, “Ina za ka da wanga abu?”

Ya ce, “Gonata za ni, Yaya.”

“Ba ka ji abin da anka ce ba?”

“Na ji. Su da sunka ce, ba su da hatsi bisa tudu. Ku naku bai hito ba, nawa shina mutuwa ina kallo. Ki bar ni in gwada ko sau guda.”

Da na tsaya nan na yi masa magana a hankali, da wani abu ne. Amma mata sun fara taruwa da tulunansu, ni kuma an ce amana aka bar mini. Jinina ya hau. Na ce masa shi kaɗai ne mai tsoron yunwa a garin? Na ce in ya fesa ya kashe ƙwarin nan, duk gidan da ya kwana da yunwa bana alhakinsa na wuyansa. Na ce shekara nawa yana yawon duniya mu muna nan muna riƙe da garin, yau ya dawo zai koya mana noma? Kaico, wannan maganar ita ce ta fi muni, kuma na san ta yi muni tun tana bakina. Ban tsaya ba. Na juya masa baya na buga bayan nawa da hannu na ce, “In ka isa, ka wuce bayan da ya goya ka.”

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Can ya sassauta igiyar famfon ya sauke shi, ya ce, “Shi ke nan, Yaya.” Ya juya gida. Matan suka yi ta yaba mini, wata har ta ce da kowane gari na da irina da an huta. Na ɗauki tuluna ina jin kaina kamar wata sarauniya.

Da malamin gona ya sake zagayowa, ni na ja shi zuwa tudu, na kuma gayyato matan da nake koya wa karatu su zo su gani. Auta na can gindin aduwa. Malamin ya kama wata zangarniya ya buɗa, sai ya yi kabbara. Ya ce mu matso. Ga murzuna kwance ta yi laushi ta yi baƙi, ga ƴan fararen gidaje jere a gefenta kamar ƙwayar shinkafa. Ya buɗa wata, haka. Ya buɗa ta gaba, haka. Murna ta kama shi kamar yaro.

Ya ce, “Kun gani? Wannan gona ita ce uwarsu. Nan suka sami abinci suka hayayyafa. Daga nan za su bazu su rufe gonakin kwari gaba ɗaya, kafin naku ya fitar da kai suna jiran ta.”

Ni kuwa sai na rangaɗa guɗa. Wallahi na yi guɗa, a tsakiyar gonar ƙanena, zangarniyoyinsa duk sun zama ƙaiƙayi. Matan suka taya ni. Ina juyowa muka haɗa ido da shi. Bai ɓata rai ba, wata zangarniya ce a hannunsa yana murzawa, iska na kwashe abin da ke zubowa. Nan take na katse guɗar.

Sai a lokacin malamin ya lura. Ya tambaya gonar wa ce, aka nuna masa. Ya je ya kama hannun Auta ya ce ya yi haƙuri, gonar da ta riga sauran ita ke ɗaukar duka, da buhunan sun iso kafin ta fitar da kai da ba haka ba. Ya ƙara da cewa ko da ya yi feshin ma ba lalle ya tsira da abin kirki ba, tunda tsutsar ta riga ta shige ciki. Auta ya ce, “Ba komi, malam. Haka Allah ya so.”

Wannan “ba lalle” ɗin na riƙe shi shekara da shekaru. Wata rana in ce ai ko ya fesa ba abin da zai samu. Wata rana in ce to, wa ya sani? Shi dai bai sami damar gwadawa ba, ni na hana shi.

Abin da malamin ya faɗa kuwa ya tabbata. Hatsinmu na kwari ya fitar da kai, murzuna ta zo, amma ba ta yi nisa ba. Duk zangarniyar da ka buɗa sai ka ga layin ya fara ya tsaya, ga gawarta a ƙarshensa. Muka ci tumu har muka gaji. Da aka yi girbi, gamanata, ƴar gonar da nake nomawa ni kaɗai, ta ba ni dammunan da ban taɓa samu ba tun da na yi aure. Tsofaffi suka ce rabonsu da irin wannan kaka sun manta. Aka yi ta zuwa ana yi mini barka kamar ni na halicci ƙwarin. Auta kuwa abin da ya ɗauko daga tudu, jakinsa bai yi wahala ba.

Mutanen garinmu ba su da mugun hali, in faɗi gaskiya. Kowa ya san a gonar wa ƙwarin suka ƙoshi. Ba wanda ya yi shela, amma gida-gida aka riƙa aika masa da dami. Ni amalanke na ɗauka na loda. Ya karɓa, ya yi wa kowa godiya, ya jera a rumbunsa. Na leƙa rumbun da kaina na ga inda hatsin ya tsaya. Zai riƙe matarsa da ƴaƴa zuwa tsakiyar rani in an yi tattali, ba zai kai su damina ba.

Ran da na ji matarsa na daka masa garin guzuri, na tafi gidan a fusace, don ni in kunya ta kama ni faɗa nake yi.

Na ce, “Wai mi kake nufi? Ba ka yi ma Inna alkawari ba?”

Ya ce, “Na ce in hatsina ya yi, Yaya. Bai yi ba.”

Na ce ya zo ya raba rumbuna biyu ya kwashi rabi. Na rantse masa. Na ce in bai ɗauka ba ban yafe ba.

Ya yi ɗan murmushi ya ce, “In na kwashe naki, ke da ɗiyanki mi za ku ci ga bazara? Gida biyu su shiga yunwa maimakon guda? Bari in tahi in samo. Bakina ma in ya ragu cikin gida, hatsin ya ƙara kwana.”

Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗaga murya ya ce ni na jawo masa, da na sami abin da zan mayar, mu yi ta yi har mu gaji mu shirya, kamar yadda muka saba. Bai ba ni wannan ba. Na fara cewa, “Auta, ranar nan da na tare ka…” sai ya katse ni ya ce in bari, ai gari ya ci, kuma ya ji daɗi da ya ga rumbuna a cike. Na san har zuciyarsa yake faɗa. Na fito daga gidan ina share hawaye da bakin zane, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina fiye da nasa.

Har yanzu in an tambaye ni, cewa nake a rataya buhunan, kada a yi feshi. Na ga aikinsu da idona, ba zan yi ƙarya ba. Na dai daina tsayawa gaban taro, na ce a nemi wata. Kuma duk wanda ya zo da maganar, abin da nake fara tambaya shi ne gonar wa ta riga fitar da kai, kuma me aka tanadar masa.

Ranar kasuwa ya tafi, da hantsi, cikin kamyon da ke ɗaukar masu zuwa arewa. Inna ta ce sai an kai ta bakin hanya. Na riƙe hannunta muka taka a hankali. Ya durƙusa ta dafa kansa ta yi masa addu’a, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ya ce mini, “Yaya, ga Inna nan, ga yara nan.” Na gyaɗa masa kai. Ya hau bisa kaya cikin sauran maza, motar ta tashi.

Muka tsaya har ƙararta ta ɓace. Inna ta ce, “Sun wuce dutsi?” Na ce sun wuce. Muka juyo gida, tana dogara sandarta, ina riƙe da ɗaya hannun. Muka yi rabin hanya. Sai ta tsaya ta huta, ta juyo da fuskarta wajena, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani abu da ta daɗe da sani.

Ta ce, “Duk cikin ɗiyana, shi ɗai na bai taɓa ƙetare maganarki ba.”

Ta gyara riƙon sandarta ta ce mu tafi, rana na yi.